Nazarin Lamari: Yadda Aka Shawo Kan Jinkirin Tsirowar Irin Furen Iris na Gabas ta Tsakiya

A cikin dangin furen iris, wanda jinsunansa suka kai kusan 300 a duniya, akwai wani rukuni da masana tsirrai suka sa wa suna Oncocyclus. Mazauninsa ya taso daga hamadar Negeb ta kudancin Isra'ila da tuddan Jodan, ya bi ta Labanon da Siriya da gabashin Turkiyya, ya dangana da tsaunukan Kaukasus da Iran. Kowane kara fure ɗaya tak yake ɗauka, babba, sau da yawa mai duhun launi, da baƙin tabo a tsakiyar leɓensa na ƙasa. Iris nigricans, baƙin furen da Jodan ta ɗauka a matsayin furen ƙasa, ɗan wannan rukuni ne, haka ma Iris atropurpurea da ke fitowa a rairayin gaɓar Bahar Rum a Isra'ila, da Iris lortetii na tuddan Galili da kudancin Labanon. Masu lambu a Turai da Amurka sun daɗe suna sha'awar waɗannan furanni, kuma sun daɗe suna kuka da abu guda, wato irinsu ba ya tsirowa yadda ake so. Mutum zai shuka ƙwaya cike da tukunya, shekarar farko ta wuce bai ga komai ba, ko ya ga tsiro ɗaya ko biyu, sauran kuwa su riƙa fitowa jefi-jefi, wasu sai bayan shekara 5 ko fiye.

Dalilin da ya sa wannan jinkiri ya zama babbar damuwa shi ne, hanya mai sauƙi ta yaɗa iris, wato raba kwantacciyar saiwarsa a dasa, tana da illa a wannan rukuni. Cututtukan bairos da darɓa ke ɗauka daga shuka zuwa shuka suna zama a cikin saiwar, duk wanda ya raba ta ya raba cutar tare da ita, alhali yawancinsu ba sa bin ƙwayar iri. Iris susiana, wanda aka kai birnin Biyana na ƙasar Ostiriya daga Istanbul a shekarar 1573, misali ne da masu wannan sana'a suka sani sarai: ƙarni bayan ƙarni ana raba saiwarsa, har cuta ta raunana shi ya zama da wuya a sami mai lafiya. Ga kuma matsalar daji. Gine-gine da faɗaɗa gonaki sun cinye yawancin wuraren da Iris atropurpurea ke fitowa, har ya shiga jerin tsirran da ke cikin haɗarin ɓacewa, kuma doka ta hana tsinka ko tono irin waɗannan furanni a Isra'ila tun shekarun 1960. Bugu da ƙari, furen ba ya yin iri da ƙurar kansa, dole sai an kawo masa ta wata shuka dabam. A daji mazan wasu ƙudaje dangin ƙudan zuma, masu zaman kaɗaici, su ne ke wannan aiki, domin suna shiga cikin furen su kwana, ko da yake babu ruwan zaƙi a cikinsa. A lambu kuwa mai shuka ne ke yi da hannunsa. Saboda haka duk ƙwayar da ta nuna ta zo da wahala, kuma a bar ta kwance cikin ƙasa shekara da shekaru, ga ɓera ga ruɓa, asara ce ta gaske.

Abu na farko da ya wajaba a fahimta shi ne cewa irin da bai tsiro ba, ba matacce ba ne. A ƙasashen gabashin Bahar Rum ruwan sama yana sauka ne a lokacin sanyi, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, sannan watannin zafi su zo babu ko ɗigo. Kwanson irin yana nuna ne daidai lokacin da ƙasa ta fara bushewa. Da a ce ƙwayoyin za su tsiro duka da yayyafin farko, shekara ɗaya ta fari ta isa ta hallaka zuri'ar baki ɗaya, don haka shukar ta rarraba tsirowar 'ya'yanta a kan shekaru masu yawa. Abin da mai lambu ke kira matsala, a wurin shukar kariya ce. Muhimmancin wannan fahimta shi ne tana sauya tambayar: ba a neman yadda za a raya iri mai rauni, ana neman a gano abin da ke riƙe da lafiyayyen iri, a kuma sake shi ba tare da an ji masa rauni ba.

Wanda ya ɗauki busasshiyar ƙwaya ya duba ta da gilashin ƙara girma zai ga abu mai launin ƙasa-ƙasa, mai tamoji, da tauri ƙwarai, tsawonsa 'yan milimita kaɗan. A ɗaya daga bakunansa akwai wani farin ƙulli mai maiƙo da ya zagaye shi kamar zobe. Tururuwa na son wannan ƙulli, shi ya sa suke jan irin zuwa raminsu, ta haka yake yaɗuwa a daji. A ƙarƙashin ɓawon akwai farin abinci mai tauri da ya cika kusan dukkan ƙwayar, wanda shi ne guzurin tsiron, a tsakiyarsa kuma ɗan tayin, wato abin da zai zama tsiro, yake kwance, siriri miƙaƙƙe, bakinsa da zai zama saiwa yana fuskantar wata 'yar ƙaramar kafa da ke gefen farin ƙullin nan. Ta wannan kafa kaɗai saiwa za ta iya fita. Duk labarin da ke tafe a kan wannan ɗan wuri ya ta'allaƙa.

Zaton farko da mutane suka yi, kuma wanda sababbin masu shuka ke yi har yau, shi ne ɓawon ne ya hana ruwa shiga. Zato ne mai ma'ana, domin haka lamarin yake ga irin kuka da bagaruwa da gawo, waɗanda masu renon itatuwa a ƙasar Hausa ke zuba wa ruwan zafi ko su kankare ɓawonsu kafin shuka. Sai dai irin iris ba haka yake ba. Idan aka jiƙa shi kwana biyu ko uku, za a ga tamojinsa ya miƙe, ya kumbura ya yi sumul, alamar ruwa ya ratsa shi. Ke nan ƙishirwa ba ita ce damuwarsa ba, kuma kankare bayan ƙwayar a ko'ina aka ga dama ba ya ƙara komai sai buɗe wa fumfuna hanya. Ruwan zafi kuwa, tun da yana shiga kai tsaye, dafa ɗan tayin zai yi.

Zato na biyu ya fi kusa da gaskiya, wato akwai sinadarai a jikin irin da ke danne tsirowa, waɗanda sai ruwa ya wanke su, sanyi kuma ya kammala aikin. Masu kiwon iris mai gemu, wato dogon nan da ya cika lambunan Turai da Amurka, a kan wannan suka gina al'adarsu. Suna jiƙa iri kimanin mako biyu suna sauya ruwan kullum, ruwan farko yana fita ja-ja kamar shayi, na baya yana washewa. Wasu ma sukan ɗaure irin a cikin tsohuwar safa su rataya a tankin ruwan bayan gida, yadda duk lokacin da aka saki ruwa sabo zai wanke shi. Daga nan sai a sa shi cikin danshi a firji, a sanyin digiri 4 ko 5 a ma'aunin Salshiyos, wata biyu zuwa uku, sannan a fito da shi wuri mai ɗan sanyi, domin zafi mai yawa yakan mayar da shi barci. Ga iris mai gemu wannan hanya tana biyan buƙata. Da aka gwada ta a kan Oncocyclus sai aka ga ta taimaka kaɗan kawai, yawancin ƙwayoyin suka sha ruwa, suka sha sanyi, suka ci gaba da kwanciyarsu. Wannan ya nuna cewa akwai wani shingen bayan waɗannan biyu.

Wani babban haske ya fito daga Jami'ar Cornell da ke jihar New York. A shekarar 1943 L. F. Randolph da abokin aikinsa Cox suka wallafa bincikensu a kan abubuwan da ke shafar tsirowar irin iris, inda suka nuna cewa idan aka ciro ɗan tayin daga cikin ƙwayar aka ɗora shi a kan daskararren abincin aga, wato wani sinadari mai daskarewa da ake zuba abincin tsiro a ciki, a cikin kwalbar gwaji mai tsabta, yakan fara girma cikin 'yan kwanaki. Ma'anar wannan a fili take: ɗan tayin kansa a shirye yake, abin da ke kewaye da shi ne ke tsare shi. Ga masu haɗa jinsi wannan babban ci gaba ne, domin zagayen da ke ɗaukar shekara 2 zuwa 3 daga iri zuwa fure ya ragu zuwa kimanin shekara guda. Peter Werckmeister a Jamus ya yi aiki da wannan dabara a kan irin waɗannan furanni masu farin ƙulli, kuma mambobin ƙungiyar Aril Society International, wadda aka kafa a 1955 domin wannan rukuni da danginsa, sun yaɗa ta a tsakaninsu. Har yau babu abin da ya maye gurbinta a wuri ɗaya, wato inda aka haɗa jinsuna masu nisa da juna, kamar Oncocyclus mai kuromosom 20 (zaren da ke ɗauke da gadon halitta) da iris mai gemu mai 48, ƙwayar ta fito a motse babu guzurin kirki a ciki. Irin wannan ɗan tayi in ba a ciro shi an ciyar da shi ba, ba zai rayu ba.

Amma renon ɗan tayi a kwalba yana da tsada ta wani fanni. Abincin aga yana da sukari, sukari kuwa duk wata ƙwayar cuta da ke yawo a iska tana sonsa, don haka sai an dafa kayan aiki a tukunyar matsi, an kuma yi aikin a wuri mai tsananin tsabta. Tsiron da ya tashi a kwalba, cikin laima da kariya, yakan sha wuya ranar da aka mayar da shi ƙasa, kuma da yawa a nan suke mutuwa. An sami mafita, sai dai ba ta kowa ba ce, kuma ba ta amsa tambayar ko mene ne ainihin abin da ke tsare ɗan tayin ba.

Amsar da ta fi gamsarwa ta zo a 1986, lokacin da Blumenthal da Lerner da Werker da Poljakoff-Mayber na Jami'ar Hebrew da ke birnin Ƙudus suka wallafa sakamakon aikinsu a mujallar Annals of Botany. Sun kwatanta jinsuna biyu, Iris lortetii wanda ya yi suna wajen taurin kai, da Iris atropurpurea wanda ya fi shi saurin tsirowa, suka auna ƙarfin matsin da ake buƙata kafin a huda ɓawon a daidai bakin kafar da saiwa ke fita. A Iris lortetii sai da matsin ya kai atmosfiya 135, wato ninki 135 na matsin iskar da ke kewaye da mu, a Iris atropurpurea 77 ya wadatar, alhali a wani furen gaɓar teku mai suna Pancratium maritimum, wanda ba shi da wannan jinkiri, 10 kacal ake buƙata. Bambancin halin jinsunan biyu ya bi bambancin taurin wannan wuri. Sun kuma gano cewa ɓawon waje na Iris lortetii yana ɗauke da wani sinadari mai guba ga tsiron da ya riga ya fito, ko da yake ba shi ne ke hana fitowar ba. A ganina wannan bincike shi ne ginshiƙin lamarin, domin ya mayar da abin da ake ta laluben sa cikin duhu zuwa wuri ɗaya da za a iya nunawa da tsinin allura: saiwar tana turawa, murfin da ke gabanta ne ya fi ƙarfinta. A daji, jiƙa da bushewa, da zafi da sanyi na shekaru, da aikin ƙwayoyin halittar cikin ƙasa, su ne ke sassauta murfin a hankali, kowace ƙwaya da lokacinta.

Wannan ne ya bayyana dalilin da ya sa hanyar da masu lambu ke kira tilasta tsirowa take aiki, hanyar da ke tsaka-tsaki tsakanin jiran tukunya da renon kwalba. Ana fara jiƙa irin kwana 3 zuwa 7 ana sauya ruwa, har ya yi taushin da reza za ta ci. Sai a tsoma shi cikin ruwan bilic da aka sirka, kashi ɗaya bilic kashi tara ruwa, na minti 10 zuwa 20, a ɗauraye da tafasasshen ruwan da ya huce. Mai aikin yana riƙe ƙwayar da hantsaki ko da yatsu masu tsabta a ƙarƙashin fitila, ya cire farin ƙullin, ya ɓare ɓawon da ke wannan baki. A nan zai ga wani ɗan tsini mai duhu a kan farin guzurin, wanda shi ne murfin. Da sabuwar reza da aka goge da barasar asibiti yake yanko siririn yanki, ya duba, ya sake yanko wani, har sai wani ɗan farin ɗigo zagayayye ya bayyana a tsakiyar wurin yankan, mai ɗan bambancin haske da abin da ke kewaye da shi. Wannan ɗigo shi ne bakin ɗan tayin, kuma da ganinsa hannu ya tsaya. Yanka ɗaya na ƙari yana iya cire ainihin wurin da saiwa ke tofowa, ƙwayar ta tashi a banza. Idan kuma aka ji tsoro aka tsaya da wuri, murfin yana nan, aikin bai yi ba. Tazarar da ke tsakanin kuskuren nan biyu ba ta kai milimita ɗaya ba, shi ya sa masu gogewa ke ba sabon shiga shawarar ya fara koyo da irin iris mai gemu, wanda yake da yawa kuma ba a jin zafin asararsa.

Bayan yankan, ana shimfiɗa ƙwayoyin a kan farar tsakuwa marar nauyi da ake kira falait, wadda aka tsabtace aka ɗan jiƙa, a cikin ƙaramin mazubi mai murfi ko leda mai zif. Danshi ake so, ba ruwa kwance ba. Sau da yawa cikin 'yan kwanaki za a ga ɗan tayin ya ɗan leƙo daga wurin yankan, amma wannan leƙowa ba ita ce tsirowa ba, kumburi ne kawai na shan ruwa. A nan ne darasin sanyi yake dawowa: cire murfi bai soke buƙatar hunturu ba, don haka ana sa mazubin a firji a riƙa dubawa kowane mako. Cikin makonni saiwa za ta miƙe ta lanƙwasa ƙasa, koren ganye na farko ya biyo baya, sai a ɗauke wannan tsiro a dasa shi a ƙaramar tukunya mai yawan yashi da tsakuwa, a bar sauran su ci gaba da shan sanyi. Abin da a tukunya zai bazu a kan shekaru, a nan yana haɗuwa cikin wata biyu ko uku, kuma tun da tsiron yana cin guzurinsa na asali, ba ya fuskantar wahalar sauyin da na kwalba ke fuskanta.

Hanyar tana da nata hasarar, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Ƙwayar da aka yanka ba ta da sauran kariya. Wadda ba a taɓa ba tana iya jira shekaru cikin ƙasa, wadda aka yanka kuwa ko ta tsiro cikin 'yan makonni ko ta ruɓe, babu komawa baya. Fumfuna tana kama ƙwaya ɗaya ta bazu zuwa maƙwabtanta, don haka rarraba iri kaɗan-kaɗan a mazubai da yawa ya fi tara su wuri guda, kuma duk wadda ta yi laushi ko ta fara wari a cire ta nan take. Sannan lokacin da aka yi yankan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Waɗannan furanni suna girma a sanyi su yi barci a zafi, saboda haka tsiron da aka tilasta ya fito gab da shigowar zafi ba zai sami lokacin tara saiwa mai kauri ba. In an busar da shi kamar babba, ƙaramar saiwarsa ta ƙeƙashe. In an ci gaba da ba shi ruwa cikin zafi, ruɓar da bakteriya ke kawowa ta cinye shi. Wanda ya yi yankan a farkon kaka ya ba tsironsa dukkan watannin sanyi ya yi ƙarfi. A shekarar farko masu reno da yawa suna ajiye 'yan tsiron a inuwa mai sanyi, da ɗan danshi ta ƙasan tukunya, maimakon cikakkiyar busarwar da ake yi wa manya. Ƙara yawan abin da ya tsiro ba shi da amfani idan bazarar farko za ta kwashe su.

Idan aka auna hanyoyin uku, hukuncin da na ga ya fi dacewa ya danganta da irin da ke hannu. Ƙwayar da ta fito a motse daga haɗin jinsuna masu nisa, kwalba ce kaɗai wurinta. Cikakkiyar ƙwaya ta jinsi mai taurin murfi irin Iris lortetii, reza ce ta fi dacewa da ita, musamman ga mai haɗa jinsi da ke son ganin fure da wuri. Amma ban yarda a yanka duk abin da aka samu ba, balle idan iri ne na jinsin da ke cikin haɗari, wanda aka samo ta musayar iri tsakanin ƙungiyoyi ko daga lambun bincike, ba a kuma san ranar da za a sake samun irinsa ba. Ya fi kyau a raba shi biyu, a yanka rabi, a shuka rabi a tukunya mai zurfi a ƙarƙashin tsakuwa kimanin santimita 1 zuwa 2, a rufe ta da ragar waya saboda ɓera, a bar ta ta sha ruwan hunturu, a kuma kare ta daga ruwa a lokacin zafi. Akwai wani dalili na daban da ke goyon bayan wannan rabo. Idan shekara bayan shekara masu reno suna ɗaukar tsiron da ya fito da wuri kawai suna zubar da tukwanen da suka yi jinkiri, to a hankali suna tace zuri'ar zuwa masu sassauƙan murfi, kuma idan manufar ita ce a mayar da shukar daji wata rana, an rage mata halin da ke tsirar da ita daga fari. Don haka tukunyar da ba ta nuna komai ba a shekarar farko ana rubuta mata sunan jinsi da asalin irin da ranar shuka a kan abin da rana ba za ta goge ba, a cire mata ciyawa da hannu a hankali don kada a tumɓuke ƙwayoyin da ke ƙasa, a ci gaba da duba ta duk farkon sanyi har aƙalla shekara 5.